Zelda a Shekara 40: Rigimar Zanen Katun da Ta Raba Kan Masoya

Ranar 21 ga Fabrairun 2026 ce jerin wasannin bidiyo na The Legend of Zelda ya cika shekara 40 da fitowa, kuma irin wannan lokaci ne masoyansa kan koma su jera wasannin daga mafi kyau zuwa mafi rauni, kowa yana kare wanda ya buga yana yaro. A irin wannan jeri da wuya yau a ga an jefa The Wind Waker, wanda ya fito a ƙarshen 2002, can ƙasa, domin galibi a sahun gaba ake ajiye shi, alhali kuwa babu wani wasa a tarihin jerin da aka tarba da fushi tun kafin a taɓa shi kamar wannan. Yadda wasan da aka yi wa ihu ya koma abin ƙauna, da kuma ko gaskiya ne zanensa ne ya jawo masa ƙarancin ciniki kamar yadda kamfanin Nintendo da kansa ya yarda, su ne tambayoyin da har yanzu ba a gama sasantawa a kansu ba.

Zelda yana cikin nau'in da ake kira wasan kasada, wato wasan da mai bugawa ke sarrafa jarumi guda yana yawo a wata ƙagaggiyar ƙasa, yana yaƙar dodanni, yana warware dabaru masu wuya, yana kuma tara kayan aikin da za su buɗe masa wuraren da a da suke rufe. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka ne suka jagoranci wasan farko a kamfanin Nintendo da ke Kyoto, kuma Miyamoto ya sha faɗa cewa yawon da ya yi a dazuzzuka da kogwannin ƙauyensu Sonobe yana ƙarami shi ne tushen tunanin. Jarumin yaro ne mai koren kaya da ake kira Link, Zelda kuwa gimbiyar masarautar Hyrule ce, abokin gabarsu kuma Ganon, wanda a siffarsa ta mutum ake kira Ganondorf. Wasannin da suka biyo baya a 1987 da 1991 da 1993 sun kafa ƙa'idojin jerin, amma wanda ya shata abin da masoya za su riƙa tsammani shi ne Ocarina of Time na 1998 a kan na'urar Nintendo 64, wasan farko a jerin da ya fito da duniya mai zurfi wadda ake iya juyawa a kalle ta ta kowane ɓangare. Mujallar Famitsu ta Japan ta ba shi maki 40 bisa 40, karo na farko da ta taɓa yi wa wani wasa haka, an kuma sayar da kwafi miliyan 7.6. A tsakiyar labarinsa Link yana yin barcin shekara bakwai ya farka saurayi a cikin masarautar da ta lalace, kuma wannan saurayin mai takobi ne yaran wancan zamani suka riƙe a matsayin Link na gaskiya.

A watan Agustan 2000, a bikin baje kolin Space World da Nintendo ke shiryawa a wancan lokaci a kusa da Tokyo, kamfanin ya gabatar da sabuwar na'urarsa GameCube, ya kuma nuna ɗan gajeren bidiyo na Link babba yana sara da Ganondorf a wani ɗaki mai duhu, an zana su da kamanni irin na mutanen gaske. Bidiyon gwaji ne kawai, wato abin da aka haɗa cikin gaggawa don a nuna ƙarfin na'ura, ba yanki ba ne na wani wasa da ake kan yi, sai dai 'yan jarida da masoya sun ɗauke shi alkawari, kuma Nintendo bai yi wani ƙoƙarin a zo a gani ba wajen kawar da wannan fahimta. A nan ne laifin kamfanin na farko yake, kuma laifi ne na gaske, domin wanda ya nuna wa mai saye samfurin shadda sannan ya miƙo masa atamfa bai isa ya yi mamakin ɓacin ransa ba, ko da atamfar ta fi kyau.

A cikin kamfanin kuwa lamarin daban yake. Eiji Aonuma, wanda aka ɗora wa jagorancin sabon wasan bayan ya gama wasan Zelda mai suna Majora's Mask, bai ji daɗin wancan bidiyon ba, domin a ganinsa maimaici ne na abin da suka riga suka yi, kuma ma'aikatansa sun ji cewa dabarunsu a wannan salo sun ƙare. Ana cikin wannan lalube ne wani mai zane, Yoshiki Haruhana, ya kawo hoton Link ɗan yaro mai ƙaton kai da manyan idanu da gajerun ƙafafu, sai abokin aikinsa Satoru Takizawa ya zana dodon nan mai kan alade da ake kira Moblin a salo iri ɗaya, kuma da suka gwada su suna motsi a allo sai suka ga yaƙin ya yi armashin da suke nema. Dabarar da suka bi ita ce ta raba haske da inuwa gida biyu ko uku masu kaifin iyaka, maimakon a bar hasken ya riƙa dusashewa a hankali kamar yadda yake a jikin mutum, abin da ke sa siffa mai zurfi ta yi kama da zanen katun na hannu. Aonuma ya bayyana daga baya cewa shi kansa Miyamoto bai karɓi salon da hannu biyu ba da farko, yana shakkar ko zai sayu, ko da yake a bainar jama'a shi ne ya tsaya ya kare shi.

Da aka dawo Space World a watan Agustan 2001, abin da aka nuna shi ne wannan ɗan yaro yana tsere wa dodanni, su kuma suna bin sa har suka wuce bakin rami suna gudu a kan iska kafin su faɗa, shi kuma ya juyo ya kashe wa masu kallo ido. Fushin da ya biyo baya a shafukan intanet, musamman a Amurka da Turai, ya wuce abin da kamfanin ya zata, kuma ba za a fahimce shi ba sai an duba shekarun masu fushin da kasuwar da suke ciki. Yaron da ya buga Ocarina yana ɗan shekara 11 ya kai 14 a lokacin, shekarun da babu abin da matashi ke gudu kamar a ce da shi yaro, kuma a cikin 'yan watannin nan ne Grand Theft Auto III da Halo da Metal Gear Solid 2 suka fito a na'urorin Sony da Microsoft, yayin da fim na farko na The Lord of the Rings ya shiga silima a watan Disamba. An riga an laƙaba wa GameCube sunan na'urar yara, sai ga wasan da ake sa ran zai wanke ta ya zo yana tabbatar da zargin. Miyamoto ya yanke shawarar ba za a ƙara nuna komai ba sai an samu abin da mutane za su riƙe su buga da hannunsu, kuma da aka kai shi bikin E3 na Los Angeles a 2002 yawancin 'yan jaridar da suka gwada shi sun sauya ra'ayi.

Wasan ya fito a Japan ranar 13 ga Disamban 2002, a Amurka a watan Maris na 2003, a Turai kuma a watan Mayu. Famitsu ta sake ba da maki 40 bisa 40, kuma waɗanda suka buga sun gano cewa manyan idanun da aka yi wa dariya aiki suke yi, domin Link kan karkata su zuwa ga abin da ya kamata mai bugawa ya lura da shi a ɗaki. Sun kuma tarar da labarin da ya fi na magabatansa nauyi: masarautar Hyrule ta nutse a ƙarƙashin teku tun ɗaruruwan shekaru saboda jarumin da aka jira bai dawo ba, yaron ya bar kakarsa a tsibiri ya tafi neman ƙanwarsa Aryll da aka sace, Ganondorf ya tsufa yana bayyana cewa iskar hamadar da ya tashi a ciki mutuwa take kawowa shi ya sa ya yi kwaɗayin ƙasar wasu, kuma a ƙarshe sarkin Hyrule da kansa ya roƙi a binne masarautarsa a ruwa har abada domin yara su nemi tasu ƙasar.

Cinikin ne ya kawo bayani biyu masu karo da juna. An sayar da kusan kwafi miliyan 4.5, abin da ya gaza na Ocarina da nisa, kuma a jawabin da Aonuma ya yi a taron masu ƙirƙirar wasanni na 2007 ya ce reshen kamfanin na Amurka ya shaida masa cewa salon katun ya sa manyan matasa sun ɗauka wasan na ƙananan yara ne, dalilin da ya sa aka jingine ci gaban da aka fara shiryawa a salon. Wannan shi ne bayanin da ya zauna a bakin mutane, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Sai dai alƙaluman na'urorin suna nuna wani abu dabam, domin Nintendo 64 an sayar da kusan miliyan 33, GameCube kuwa ba ta kai miliyan 22 ba, a zamanin da PlayStation 2 ta haura miliyan 150. Idan aka auna kowane wasa da yawan masu na'urarsa, Ocarina ya shiga hannun ƙasa kaɗan da mutum ɗaya cikin huɗu, The Wind Waker kuma kusan ɗaya cikin biyar, tazarar da ba ta isa a kira ta tawaye ba. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta Mario, jarumin wani jerin wasannin Nintendo wanda ba a taɓa masa kamanni ba: Super Mario 64 ya kusa miliyan 12, magajinsa Super Mario Sunshine a kan GameCube ya tsaya a wajen miliyan 6, wato faɗuwarsa ta fi ta Zelda muni. Bayani na biyu, cewa ƙanƙantar kasuwar GameCube ce babban dalili, shi ya fi dacewa da lissafi, kuma iyakar abin da za a iya ɗora wa zanen shi ne bai jawo sababbin masu sayen na'urar ba kamar yadda aka so.

Abin takaici shi ne hayaniyar zane ta danne maganar aibin wasan na haƙiƙa, wanda gaggawar fitar da shi ta haifar. An cire kurkuku biyu, wato manyan gine-ginen nan masu ɗakuna da tarkuna da babban dodo a ƙarshe waɗanda su ne ƙashin bayan kowane Zelda, aka cike gurbinsu da farautar gutsattsarin Triforce guda takwas, alamar ikon da labarin ke kewayawa a kanta. Kowane gutsure sai an nemo taswirarsa, an kai wa wani mutum mai suna Tingle ya fassara a kan kuɗin wasan har 398, sannan a tuƙa kwale-kwale a tekun da aka raba gida 49, ana tsayawa a kaɗa sandar sarrafa iska duk lokacin da za a sauya hanya. Aonuma da kansa ya amince daga baya cewa wannan ɓangare ya yi jan ƙafa da gundura, kuma masoyan da a yau suke magana kamar wasan ba shi da tabo suna yi wa tarihinsa irin rashin adalcin da masu zaginsa suka yi, ta ɗaya gefen.

A bikin E3 na 2004 Nintendo ya ba masu fushi abin da suka nema, aka nuna Link babba a kan doki cikin launuka masu duhu, ɗakin ya ɓarke da sowa, Miyamoto kuma ya fito dandamali riƙe da takobi da garkuwa. Wannan wasa, Twilight Princess, ya fito a 2006 ya sayar da fiye da miliyan 8, masu bayani na farko kuma suna kafa hujja da wannan, amma mafi yawan cinikin a kan Wii aka yi shi, na'urar da ta haura miliyan 100, saboda haka bai raba gardamar ba. Salon katun ya koma ƙananan na'urorin hannu, inda Phantom Hourglass na 2007 da Spirit Tracks na 2009 suka ci gaba da labarin. Da ma'aikatan suka zo gwada tsofaffin wasanninsu a kan na'urar Wii U don neman kamannin wasa na gaba, The Wind Waker ne ya fi ɗaukar ido, domin zanen da bai yi ƙoƙarin kwaikwayon fatar mutum ba ba ya tsufa da tsufan na'ura, sai aka sake fitar da shi a 2013 tare da ƙyallen jirgi mai sauri, aka kuma rage taswirorin daga takwas zuwa uku. A lokacin yaran da suka buga shi a 2003 ba tare da sun san an taɓa rigima ba sun girma, su ne kuma suka zama masu rubutu da masu sharhi, wanda ke nuna cewa sauyin ra'ayin ya fi zama shigowar sabon zubi fiye da tubar tsofaffin masu suka. Takizawa, wanda ya fara zana Moblin a salon katun kuma ya jagoranci zanen Twilight Princess, shi ne ya jagoranci zanen Breath of the Wild na 2017, wanda ya ɗauki tsaka-tsaki, jikin manya da launin fenti, ya kuma sayar da fiye da miliyan 30. Lokacin da na'urar Switch 2 ta fito a watan Yunin 2025, The Wind Waker na asali yana cikin wasannin GameCube uku na farko da kamfanin ya zuba wa masu biyan kuɗin rajista.