Wuta da Auduga: Tsohuwar Tambaya a Zaurukan Kano

A shekarar 1748 David Hume, masanin falsafa ɗan Sikotilan, ya fitar da littafinsa kan fahimtar ɗan Adam, inda ya kafa hujja cewa ido bai taɓa ganin sababi ba. Abin da muke gani kurum shi ne wani abu yana biyo bayan wani, sabo ne ke ƙulla su a zukatanmu. Ɗaliban jami'a kan ɗauki wannan a matsayin baƙon tunani, alhali kuwa mai karatun tauhidi a zauren malam ya gaji tambayar tun kafin a haifi Hume.

Imam Al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ya kawo misalin wuta da auduga a Tahafutul Falasifa: mun shaida ƙonewa a lokacin da suka haɗu, amma ba mu shaida cewa wutar ce ta aikata ba. Ibn Rushdi ya mayar masa da martani cewa wanda ya kore sababi ya kore ilimi kansa. Ra'ayin Al-Gazali ne ya samu gindin zama a ƙasar Hausa, ta hanyar littattafan Sanusi na Tilimsan, garin da Al-Maghili ya fito kafin zuwansa Kano a zamanin Muhammadu Rumfa. Sanusi, mai Ummul Barahin, ya rasu a 1490. A Muƙaddimarsa ya ware hukuncin al'ada daban da na hankali da na shari'a: alaƙa ce da maimaituwa ta tabbatar, mai yiwuwa ta saɓa. Giɓin da Hume ya cike da sabon zuciya, Sanusi ya cike shi da nufin Allah. Tambayar dai ɗaya ce.

Kada a zaci gardamar ta tsaya a zaure. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin yara kimanin 200. Goma sha ɗaya suka mutu: biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba ɗaya maganin. Cutar ce ta kashe su ko gwajin? Iyaye sun faɗi tasu, kamfani ya faɗi tasa, kuma sasantawar 2009 ta dala miliyan 75 ta rufe shari'a ba tare da ta amsa tambayar ba.

Da wannan tabo aka shiga 2003, sa'ad da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna bisa zargin yana hana haihuwa. A ganina masu shakkar suna da uzuri, amma shakkarsu ta tsaya rabin hanya: sun tuhumi allurar, ba su tuhumi jita-jitar ba. Ma'aunin Sanusi ya fi nasu tsauri, domin yana neman maimaituwa, kuma ita ce likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi suke ƙirgawa kullum, ba tare da sun yi alkawarin yaƙini ba. Kafin a dawo da rigakafin a Yulin 2004, cutar ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka daɗe da rabuwa da ita, daga baya ta kai har Indunisiya.