Tsofaffin Hotunan Ƙwallon Ƙafa a Kano: Bege da Tarihi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama a majalisar dattawa ko teburin mai shayi a Kano ya san yadda hira ke sauyawa da zarar an fito da tsohon hoton 'yan ƙwallo. Nan take za a fara nuni da yatsa ana kiran sunaye, ana gardama kan wane ne gola, wane ne kyaftin. A wannan maƙala ina so in bi sawun abin da ke jawo wannan bege, in kuma nuna cewa hotunan nan kayan tarihi ne da ke gab da salwanta.

Zamanin da hotunan ke tunatarwa

Hotunan da na fi ganin ana yawo da su sun kasu zamani uku. Na farko shi ne zamanin Turawa. An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, kuma ƙungiyoyin Ikko ne suka riƙa cinye shi har zuwa 1953, lokacin da zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1. Wannan ne karo na farko da kofin ya bar Ikko. Hotunan wannan lokaci sun yi ƙaranci ƙwarai, waɗanda za su iya gane fuskokin da ke ciki kuwa sun fi hotunan ƙaranci.

Na biyu shi ne zamanin Raccah Rovers, wanda shi ne dattawan yau suka fi bege. An kafa gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ta fara lashe ta, da 'yan wasa irin su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo. A 1978 Raccah ta kawo kambun Kano, ta kuma wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka ta 1979. A watan Afrilu na 1978 ne ta kara da Fluminense ta Barazil a Kaduna, inda Pele ya buga wa baƙin, aka tashi 2 da 1, Fluminense ke da rinjaye. Daga Raccah ne kuma Shefiu Mohammed ya shiga tawagar Green Eagles da ta ci Kofin Afirka a 1980.

Na uku shi ne zamanin Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ci lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Matasan da suka kalli Ahmed Musa da Gambo Mohammed da Rabi'u Ali a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yanzu su ma sun fara cewa "a zamaninmu".

Abin da hoto ke faɗa

Tsarin hoton kulob kusan ɗaya ne: sahun baya a tsaye an harɗe hannuwa, sahun gaba a tsugune, ƙwallo ko kofi a tsakiya, shugabanni a gefe cikin babbar riga. Amma mai nazari zai ga fiye da haka. Jesin da ba ta ɗauke da tallar kamfani a ƙirji ko sunan ɗan wasa a baya, sai lamba daga 1 zuwa 11, kuma lambar ce ke nuna gurbin mutum a fili. Shi ya sa har yau ake cewa wane "lamba tara" ne. Sunayen ƙungiyoyin kansu tarihi ne na tattalin arziki, domin hukumar ruwa da banki da 'yan kasuwa ne ke riƙe da su, ɗan wasa kuma sau da yawa ma'aikacinsu ne. Bugu da ƙari, sahu ɗaya kan haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo da mutumin Gana, ɗan Birni kafaɗa da kafaɗa da ɗan Sabon Gari. Malamin da ke koyar da zaman tare zai yi wuya ya sami misalin da ya fi wannan.

Sai dai hoto yana da iyaka. Mai baƙi da fari ba ya riƙe launin jesi, don haka ja da kore kan fito kusan iri ɗaya. Haka kuma bege kan yi wa tarihi kwalliya: ana tuna ranar nasara, a manta da 'yan wasan da suka ƙare rayuwa cikin rashi. A ganina, dattijon da ke kallon hoton nan ƙuruciyarsa yake nema, da abokan da suka riga mu gidan gaskiya, da lokacin da gwanin da ake yi wa tafi ɗan unguwarsu ne. Yaɗuwar gidajen kallon ƙwallon Turai tun daga shekarun 2000 ta ƙara wa wannan bege ƙarfi, domin yaro kan jero 'yan wasan Arsenal ko Barcelona, amma bai taɓa jin sunan Raccah ba.

Kammalawa

Gara da damshi da gobara suna cin takarda, mutuwa kuma tana ɗauke masu sanin sunaye. Hoton da ba a san mutanen cikinsa ba ya rasa rabin amfaninsa. Don haka ina kira ga dattawa da su zauna da 'ya'yansu a rubuta sunaye da shekara da wurin wasa a bayan kowane hoto, da fensir ba biro ba, don tawada na huda takarda. A raba shi da rana da laima, a kuma ɗauki kwafinsa a kwamfuta. Inda aka sami saɓani kan suna ko launi, a rubuta duk ƙaulin da aka ji tare da wanda ya faɗa. Malamai kuwa suna iya tura ɗalibai su yi hira da tsofaffin 'yan wasa da magoya baya na unguwanninsu, tun masu ba da labarin suna raye. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ƙara wa na raye lafiya.