Karan hanci da cutar da muka daɗe muna kira ciwon iska

Kowa ya ɗan taɓa hancinsa. Can sama tsakanin idanu akwai tauri, ƙananan ƙasusuwa biyu ne a manne, su ne tushen karan hanci. Daga nan zuwa ƙasa guringuntsi ne, shi ya sa yake lanƙwasa. Duka kuma a kan ƙashin muƙamuƙin sama suke zaune. To wannan gini ne cutar noma take rushewa cikin ƴan kwanaki.

Sunan ba shi da alaƙa da noman gero, kalmar Girkanci ce mai nufin cinyewa. Mu kuwa ciwon iska muka ce mata, aka yi ta hayaƙi da rubutu, yaro yana ƙarewa a ɗaka. Daga dasashi take farawa, galibi ga yara ƴan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ko ƙyanda ta raunana, ta ci kunci da leɓe, ta kai ga ƙashi. In ba magani, kusan tara cikin goma ba sa tashi.

Turai ma ta sha fama da ita. Abinci da tsabta ne suka kore ta, sai ta sake ɓullowa a sansanonin ƴan Nazi lokacin yaƙin duniya na biyu. Ashe yunwa take bi, ba iskoki ba.

A 1992 ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan ta fara karɓar waɗannan yara a Zinder. A Sakkwato an buɗe asibitin noma a 1999, inda ake ɗebo fata da tsoka daga wani sashen jiki a sake gina hanci, aikin da kan ɗauki tiyata fiye da ɗaya. Daga 2001 zuwa 2006 likitocin Janeba sun yi bincike a nan jihar Damagaram, suka ga cutar ta fi kama yaron da ya rame, wanda zazzaɓi ko zawo bai daɗe da sakinsa ba, kuma uwarsa ta yi haihuwa da yawa. Wa bai san irin gidan nan ba a ƙauyukanmu, musamman a yunwar 2005?

Sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar Najeriya. An makara ƙwarai. Alhali in aka kai yaro likita tun dasashi na jini baki na wari, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita kafin ta taɓa ƙashin.