Ma'aunin Gleason

Ma'aunin Gleason tsari ne da likitocin binciken nama ke amfani da shi wajen auna zafin sankarar furostet, wato 'yar gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Sakamakon yana zuwa a rubuce cikin rahoton ɗakin gwaji, kuma yana cikin manyan abubuwan da likita ke dubawa kafin ya zaɓi magani. Saboda haka yadda aka tsara rahoton yana da tasiri a kan yadda ake fahimtarsa.

Tarihi

Donald Gleason, likita a asibitin tsofaffin sojoji na Minneapolis a Amurka, shi ne ya wallafa tsarin a shekarar 1966. Ƙungiyar masana ta ISUP ta yi masa gyara a 2005, sannan a 2014 ta amince da sabon rabo mai rukuni biyar, wanda masana daga Jami'ar Johns Hopkins suka gabatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓe shi a 2016.

Yadda ake lissafi

Ana ɗebo ɗan nama da allura, a duba shi da madubin likita. Kowace siffa ta ƙwayoyin cutar tana da lamba daga 1 zuwa 5, gwargwadon nisanta daga siffar lafiyayyen nama. Ana fara rubuta lambar siffar da ta fi yawa, a bi ta da ta biyu, sai a haɗa su, misali 3+4=7.

Matsalar karatu

A yau ba a cika ba da lamba 1 ko 2 ba, don haka mafi ƙarancin maki a aikace shi ne 6. Mara lafiyan da ya ga 6 cikin 10 yana iya ɗauka cutarsa ta wuce rabi, alhali ita ce mafi sauƙi, har sau da yawa sa ido kawai ake yi a kanta. Haka kuma 3+4 da 4+3 duk 7 ne, amma na biyun ya fi haɗari. Rahoton da ya rubuta 7 kaɗai ya ɓoye wannan bambanci.

Sabon rabon ya rage ruɗanin:
Rukuni na 1: maki 6 ko ƙasa
Rukuni na 2: 3+4
Rukuni na 3: 4+3
Rukuni na 4: maki 8
Rukuni na 5: maki 9 ko 10

Tsarin rahoto

Akwai rahoto na zube, inda makin kan nutse a tsakiyar dogon sakin layi. Akwai kuma na jeri, inda maki, rukuni da adadin samfuran da ke ɗauke da cutar kowanne ke da layinsa. Na jerin ya fi saurin karantuwa, kuma da wuya a tsallake wani bayani a cikinsa.

A Kano

Sankarar furostet ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mazan Najeriya. Marasa lafiya daga ƙananan hukumomin karkara irin su Shanono akan tura su birnin Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke da sashen binciken nama. Da Turanci ake rubuta rahoton, kuma sau da yawa ɗa ko jika ne ke karanta wa dattijo takardar a gida. A irin wannan hali, "rukuni na 1 cikin 5" ya fi "maki 6" sauƙin fassarawa daidai.