Mazinger Z

Mazinger Z, wanda ake kira Mazinjar da Larabci, shirin katun ne na ƙasar Japan mai labarin ƙagen kimiyya. Mai zane Go Nagai ne ya ƙirƙiro shi a 1972. Kamfanin Toei ya shirya shi kashi 92, tashar Fuji TV ta nuna shi daga Disamba 1972 zuwa Satumba 1974.

Labari

Mazinger ƙaton mutum-mutumi ne mai tsawon mita 18, wanda aka ƙera da wani ƙarfe na ƙage da aka haƙo a Dutsen Fuji. Wani matashi, Koji Kabuto, shi ke tuƙa shi daga cikin ɗan ƙaramin jirgi da ke sauka a ƙoƙon kansa. Idan faɗa ya yi zafi, yakan harba damatsansa kamar roka. Shirin yana cikin na farko da suka sa matuƙi a cikin mutum-mutumi, salon da ya bazu daga baya.

A Masar

An juya shirin zuwa daidaitaccen Larabci, aka sauya sunaye: Koji ya zama Mahir, babban mugu Dakta Hell kuma Abul Gadab. Gidan talabijin na ƙasar Masar da ke Alƙahira ya nuna shi a shekarun 1990, ya kuwa shiga ran yara matuƙa. A 2009 Nagai ya ziyarci Alƙahira bisa gayyatar gidauniyar Japan Foundation, ya gabatar da lacca.

Fim

An saki fim ɗin Mazinger Z: Infinity a Japan a Janairu 2018.