Zanen Leɓe a Binciken Laifi

Jan naman leɓen ɗan Adam cike yake da ƙananan tsage-tsage, waɗanda sukan bar shaida a bakin kofi, ko gilashin taga, ko guntun sigari. In da jambaki, ido ma ya isa ya gani. In babu, maiƙon fata da yawu sukan bar alamar da sai an barbaɗa hoda ta fito, kamar yadda ake yi wa zanen yatsa. Shekaru da dama ke nan ana ƙoƙarin mayar da wannan alama hujjar gano mai laifi.

Wani masanin halittar ɗan Adam mai suna Fischer ne ya fara bayyana tsagen a rubuce a 1902, ko da yake bai danganta su da aikin 'yan sanda ba. Edmond Locard na Faransa ne ya kawo wannan shawara a 1932, sannan LeMoyne Snyder na Amurka ya sake ta da ita a 1950 a littafinsa kan binciken kisan kai. Duk wannan ra'ayi ne kawai.

Aikin gaske a Japan aka yi shi. Daga 1968 zuwa 1971, likitocin haƙori biyu a Tokiyo, Kazuo Suzuki da Yasuo Tsuchihashi, sun duba leɓɓan mutum 1,364, suka ce ba su sami biyu da suka zo ɗaya ba. Sun kasa tsagen gida-gida: akwai mai saukowa a miƙe daga sama har ƙasa, da wanda ke tsayawa a rabin hanya, da mai reshe, da masu gittawa juna, da mai kama da raga, sai gidan ƙarshe da aka ware wa duk wanda ya ƙi shiga sauran. Akan raba leɓe kashi huɗu, a rubuta irin da ya fi yawa a kowane kashi. Har yau da wannan rabon aka fi aiki. Ƙasar Folan ce ta fi rungumar abin, inda Jerzy Kasprzak ya jagoranci bincike, aka kuma kai sakamakon gaban alƙalai.

To amma a nan gizo ke saƙa. Leɓe nama ne mai laushi, ba ƙashi a cikinsa. Mutum ɗaya zai iya barin alamu mabambanta gwargwadon yadda ya danna baki, ko ya buɗe shi, ko leɓen ya bushe ya tsattsage. Kuma rashin samun biyu iri ɗaya cikin mutum dubu da 'yan kai bai isa a ce babu su a duniya ba. Ba a taɓa tara rumbun zanen leɓe irin na yatsu ba.

Wata shari'a a jihar Ilinoi ta Amurka ta fito da wannan rauni fili. A 1997 aka yanke wa wani matashi ɗaurin shekara 45 kan kisan da aka yi a 1993, babbar hujjar kuwa ita ce zanen leɓe a jikin salatif ɗin da aka tsinta kusa da wurin. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 1999. A 2006 wani alƙali ya soke shi, bayan ƙwararru sun shaida cewa hanyar ba ta samu karɓuwa a wajen masana ba, daga baya aka janye tuhumar.

Har yanzu makarantun likitancin haƙori, musamman a Indiya, suna ta fitar da nazarce-nazarce kan ko leɓe zai nuna jinsin mutum, sakamakon kuwa kowa da nasa. Mai bincike a yau in ya ci karo da kofi mai alamar baki, yakan fara goge yawun da auduga ya aika ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta.