Hutun Masaƙan Lankasha da Fitilun Kaka na Blackpool

Duk shekara, daga ƙarshen watan Agusta ko farkon Satumba, sa'ad da zafi ya fara ja da baya a ƙasar Ingila, dare ya fara tsawo, ganyayen itatuwa suka fara rikiɗa suna zuba, akwai wani gari na bakin teku a arewa maso yammacin ƙasar, mai suna Blackpool, inda akan kunna fitilu masu launi iri-iri a tsawon kusan mil shida na gaɓa, jama'a kuwa su yi ta kwararowa daga garuruwan da ke kewaye, galibi ranakun Asabar da Lahadi, domin kallo da shaƙatawa. Asalin wannan al'ada yana komawa ne ga talakawa, wato 'yan ƙwadagon masaƙu, waɗanda suka share kusan ƙarni guda suna neman a yarda cewa mai gajiya yana da haƙƙin hutu.

Lardin Lankasha, inda Blackpool take, shi ne cibiyar saƙar auduga ta duniya a ƙarni na 19, kuma ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa, domin daga masaƙun Manchesta da ƙannenta irin su Oldham da Bolton da Blackburn aka riƙa kawo yadudduka kasuwanninmu, daga baya kuma audugar da ake gurzawa a Zariya da Funtuwa ta riƙa bin jirgin ƙasa zuwa Ikko, ta haye teku zuwa can. Mutanen da ke bayan waɗannan injuna, maza da mata har da yara ƙanana, a farkon zamanin sukan yi aikin sa'a goma sha biyu ko fiye a yini, kwana shida a mako, cikin zafi da ƙurar auduga da ƙarar da ke kurmantar da kunne. Sai a shekarar 1850 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta wajabta a sallami mata da matasa da ƙarfe biyu na ranar Asabar, kuma da yake masaƙa ba ta tafiya sai da su, sannu a hankali maza ma suka ci moriyar abin. Daga wannan rabin yini ne hutun ƙarshen mako ya fara tsira a Ingila.

Amma babban hutun shekara ta wata hanya dabam ya zo. Tun zamanin da, kowane ƙauye yana da bikin tunawa da ranar da aka keɓe majami'arsa, wanda suke kira Wakes, inda akan raya dare da addu'o'i, gari ya waye a ci kasuwa, a yi wasanni. Da mutanen ƙauye suka ƙaura zuwa birane neman aiki, ba su bar bikinsu a baya ba. Idan lokacinsa ya zo sai kawai su ƙi fita aiki. Masu masaƙu suka yi faɗa, suka yi tara, abin ya faskara, har daga ƙarshe suka ga maslaha a cikin rufe masaƙar ɗungurungum na 'yan kwanaki, su kashe wuta, su gyara tukwanen tururi da injuna. Kowane gari ya tsayar da makonsa tsakanin Yuni da Satumba, ta yadda idan na wannan ya ƙare na wancan zai kama. Sai dai fa a lura, hutu ne ba tare da ko kwabo na albashi ba. Wanda ya huta mako guda ya yi asarar ladan mako guda, kuma a kan wannan sharaɗi aka yi yarjejeniyar 1906 wadda ta tabbatar wa masaƙan lardin kwana 12 a shekara.

To, ta yaya talakan da ba a biya shi ba zai ɗauki iyalinsa zuwa bakin teku? A nan ne hikimar mutanen ta bayyana, kuma a ganina wannan shi ne sashen da ya fi cancantar yabo a cikin labarin duka. Sun kafa ƙungiyoyin tanadi a masaƙu da majami'u da unguwanni, kusan irin adashin da muka sani, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu duk mako har shekara ta zagayo, ana gobe hutu a raba wa kowa nasa. Mace mai saƙa takan hana kanta sabuwar riga domin 'ya'yanta su ga teku. Da sun isa Blackpool sukan sauka a gidajen haya na mata masu masauki, inda al'adar ita ce baƙo ya sayo cefanensa da kansa, uwar gida ta dafa masa, don kuɗin su isa. Unguwa guda takan tashi gaba ɗaya ta sauka a layi guda, maƙwabci kusa da maƙwabci, garinsu kuwa ya zama kufai, bututan hayaƙi su yi shiru.

Abin da ya sawwaƙe wannan tafiya shi ne jirgin ƙasa. A ranar 5 ga Yuli, 1841, wani mai wa'azin hana shan giya, Thomas Cook, ya yi hayar jirgi ya kwashi mutane wajen 500 daga Leicester zuwa taro a Loughborough, kowa ya biya sule ɗaya zuwa da dawowa, kuma daga wannan ƙaramin al'amari kamfaninsa na yawon buɗe ido ya bunƙasa har ya riƙa kai Turawa kallon kogin Nilu a Masar, har ma gwamnatin Indiya ta ɗora masa jigilar alhazai zuwa Jidda daga 1886 zuwa 1893. Layin dogo ya isa Blackpool a 1846. Garin da mutanensa ba su kai 500 ba a 1801 ya haura 47,000 a 1901, ya samu taragon lantarki a 1885, ya kuma gina hasumiyarsa mai tsawon mita 158 a 1894, bisa koyi da ta birnin Paris. A tsakanin haka, a 1871, wani ɗan majalisa kuma ma'aikacin banki, Sir John Lubbock, ya jagoranci dokar da ta ware ranaku huɗu na rufe bankuna a Ingila, uku daga ciki ranakun Litinin ne, waɗanda idan aka haɗa su da Lahadi sai a sami damar tafiya a kwana a dawo. Jama'a sun yi murna ƙwarai, har suka riƙa laƙaba wa ranakun sunansa tamkar na waliyyi.

Matsalar mutanen Blackpool ita ce, da zarar makonnin hutu sun ƙare, sanyi ya kunno kai, sai ciniki ya mutu sai baɗi. A watan Satumba na 1879 hukumar garin ta kafa manyan fitilun lantarki guda takwas a bakin teku, a zamanin da gidajen mutane ba su san komai ba sai kyandir da fitilar gas da ta mai, aka yi ta zuwa kallo kamar wata mu'ujiza. A watan Mayu na 1912 kuma, don tarbar Gimbiya Louise, 'yar Sarauniya Biktoriya, aka ƙawata gaɓar da ƙwayayen fitila kimanin 10,000, abin ya yi armashi har 'yan kasuwa suka nemi a maimaita shi a watan Satumba na wannan shekara. Haka aka ƙara wa lokacin baƙi makonni a cikin kaka. Yaƙin duniya na farko ya kashe fitilun, aka sake kunna su a 1925. Na biyu ya sake kashe su a 1939, ba su dawo ba sai 1949. Ma'aikacin da kuɗinsa suka ƙare tun Agusta yana iya shiga jirgi da yammacin Asabar, ya ga fitilu, ya koma gida cikin dare.

Hutu mai albashi kuwa ya daɗe bai zo ba. Faransa ta riga, a 1936, lokacin gwamnatin Léon Blum, da mako biyu ga kowane ma'aikaci. Ingila ta biyo baya da dokar 1938 mai zancen mako guda, wadda yawancin ma'aikata ba su ɗanɗani amfaninta ba sai bayan yaƙi. Ba a jima da samun wannan nasara ba masaƙun suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, jiragen sama masu araha kuma suka karkatar da jikokin masaƙan zuwa gaɓar Sifen mai rana, makon Wakes ya shuɗe. Fitilun dai suna nan, a 'yan shekarun nan ma an tsawaita kunna su har farkon Janairu, kuma har yau ba a karɓar kuɗin shiga daga mai kallo.